Rundunar Sojojin Ko-ta-kwana ta Jihar Kalifoniya

Rundunar sojojin ko-ta-kwana ta Kalifoniya, wadda ake kira National Guard a Amurka, runduna ce da yawancin mutanenta ba da aikin soja suke ci ba. A cikinta akwai malaman makaranta, direbobi, ma'aikatan jinya da ɗalibai, kowa yana sana'arsa sai an kira shi. Tana da reshen ƙasa da reshen sama, kuma babban hafsan da ke jagorantarta gwamna ne ke naɗa shi. Abin da ya bambanta ta da sauran sojojin Amurka shi ne iyayen gida biyu gare ta, gwamnan jiha da shugaban ƙasa. Wasu daga cikin rigingimun da ta taɓa shiga daga nan suka samo asali.

Tarihi

Rundunar ta faro ne a 1849, shekara ɗaya kafin Kalifoniya ta zama jiha, lokacin da 'yan sa-kai suka kafa rukuni na farko a San Francisco. Dokokin tarayya uku ne suka mayar da irin waɗannan 'yan sa-kai sojoji na gaske. Dokar 1903 ta fara ba su kuɗi da makamai daga tarayya, bisa sharaɗin su bi tsarin horon sojojin dindindin. Dokar 1916 ta ƙayyade zaman horo 48 da atisayen kwana 15 a shekara. Gyaran 1933 kuma ya sa duk wanda ya shiga rundunar jiha ya zama sojan ajiya na tarayya a lokaci guda.

Babban rukuninta na ƙasa shi ne Runduna ta 40 ta sojojin ƙafa, wadda aka kafa a 1917 kuma hedkwatarta ke Los Alamitos. Ta yi yaƙi a yankin Pasifik a Yaƙin Duniya na Biyu, ta shiga Koriya a 1952, kuma bayan 2001 an yi ta tura sassan rundunar zuwa Iraƙi da Afganistan.

Yadda ake aikin

Sabon shiga reshen ƙasa yana yin horon farko na mako 10 tare da sojojin dindindin, sannan ya wuce makarantar fannin da ya zaɓa. Daga nan sai Asabar da Lahadi ɗaya a kowane wata, da mako biyu a shekara, sau da yawa a sansanin Roberts. Ana lissafa ƙarshen mako ɗaya a matsayin zama huɗu, kowane zama aƙalla awa huɗu, kuma ana biyan kowanne kuɗin yini guda. Alkawarin farko na shekara 8 ne. Mai neman fansho sai ya cika shekara 20 yana tara aƙalla maki 50 na halartar horo da aiki a kowace shekara, kuma galibi ba ya fara karɓa sai ya kai shekara 60. Wata dokar 1994 ta wajabta wa mai kamfani ya mayar da ma'aikacinsa bakin aiki idan ya dawo daga kiran soja.

Sojan wannan runduna yana iya fita aiki a ɗayan matsayi uku, kuma matsayin ne ke nuna abin da doka ta yarda ya yi. Idan gwamna ya kira shi don gobara ko ambaliya, jiha ce ke biya kuma ita ke ba da umarni. A ƙarƙashin Babi na 32 na kundin dokokin tarayya, kuɗin daga Washington yake fitowa amma umarni na hannun gwamna. A ƙarƙashin Babi na 10, ya zama sojan tarayya sak, gwamna ba shi da ta cewa. A nan ne dokar 1878 da ta hana sojojin tarayya aikin 'yan sanda take hawa kansa, sai fa idan shugaban ƙasa ya yi amfani da dokar murƙushe tawaye. Wato mutumin da jiya yake iya tare hanya ya tsare mai laifi, yau da kaki ɗaya da bindiga ɗaya ba shi da wannan hurumin.

Aikin cikin gida

Gobarar daji tana cikin manyan ayyukan rundunar a cikin gida. Reshen sama da ke sansanin Channel Islands yana da jiragen C-130 da ake saka wa tanki mai ɗaukar galan 3,000 na ruwan maganin wuta, kimanin lita 11,000, wanda jirgi ke zubarwa cikin daƙiƙu kaɗan. A Satumban 2020 jirage masu saukar ungulu biyu suka ratsa hayaƙi da dare suka kwashe mutum fiye da 200 da wuta ta rutsa da su a tafkin Mammoth Pool.

Kwantar da tarzoma ya fi wuya, domin horon ƙarshen mako ba ya shirya mutum fuskantar maƙwabtansa a kan titi. A rikicin 1965 na unguwar Watts da ke Los Angeles an fitar da sojoji kusan 14,000, mutum 34 suka mutu. A Afrilun 1992, bayan kotu ta wanke 'yan sandan da suka lakaɗa wa wani baƙar fata mai suna Rodney King duka, tarzoma ta ɓarke a Los Angeles, Gwamna Pete Wilson ya kira rundunar. Sojoji sun taru da wuri, amma suka yi ta zaman jira: harsasai suna ajiye nesa da Los Angeles, kuma babu isassun ƙarafan da ake ɗaura wa bindigar M16 don kada ta yi ɓarin wuta. Kafin su bazu a tituna ɓarna ta yi nisa. Laifin na tanadi ne, kuma rayuka aka biya shi da su.

Ta fuskar kuɗi ma an yi abin kunya. A 2016 ya fito fili cewa ana matsa wa sojoji kusan 10,000 su mayar da kuɗin ƙarfafa gwiwar shiga ko ci gaba da aikin soja da aka ba su ba bisa ƙa'ida ba lokacin yaƙin Iraƙi, alhali yawancinsu ba su san da kuskure ba. Sakataren tsaro Ash Carter ya dakatar da karɓar kuɗin a watan Oktoba.

A Yunin 2025 Shugaba Donald Trump ya mayar da sojoji kusan 4,000 ƙarƙashin tarayya saboda zanga-zangar adawa da kamen baƙin haure a Los Angeles, ba da yardar Gwamna Gavin Newsom ba. A lokacin, rabon da wani shugaban ƙasa ya yi haka a ko wace jiha ba tare da roƙon gwamna ba tun 1965. Jihar ta kai ƙara, kuma a Satumba alƙalin tarayya Charles Breyer ya yanke cewa yadda aka yi amfani da sojojin ya saɓa wa dokar 1878.

Hulɗa da ƙasashen waje

Ma'aikatar tsaron Amurka tana haɗa rundunar kowace jiha da sojojin wata ƙasa don horo da musayar ƙwarewa. An haɗa Kalifoniya da Yukren a 1993, da Nijeriya a 2006. A ƙarƙashin wannan shiri ne aka haɗa Dakota ta Arewa da Ghana a 2004, da kuma Indiana da Jamhuriyar Nijar a 2017.