Mene Ne Samhan a Tarihin Koriya?

Mutanen Koriya ta Kudu ba sa kiran ƙasarsu Koriya. Hanguk suke cewa, sunanta na hukuma kuma Daehan Minguk, wanda shi ne 'yan kallon ƙwallo ke rerawa a filin wasa suna tafi. Wannan "Han" da ke cikin sunayen biyu daga Samhan ya samo asali. Ba shi da dangantaka da daular Han ta ƙasar Sin, lafazin ne kawai ya zo ɗaya, amma a rubuce kowanne da harafinsa.

Samhan na nufin Han guda uku: Mahan, Jinhan da Byeonhan. Ƙawance ne na ƙananan garuruwa da suka zauna a kudancin yankin Koriya daga wajajen ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) zuwa ƙarni na 3 ko na 4 miladiyya. Mahan na kudu maso yamma, Jinhan na gabashin kogin Nakdong, Byeonhan kuwa ta riƙe yammacin kogin har zuwa bakin teku.

Inda mutane ke yawan kuskure shi ne ɗaukarsu masarautu uku, kowace da sarki guda da iyaka tsayayya. Ba haka abin yake ba. Littafin tarihin Sinawa da Chen Shou ya rubuta a ƙarni na 3 ya lissafa garuruwa fiye da 50 a Mahan, 12 a Jinhan, 12 a Byeonhan. Manyan garuruwan Mahan na da gidaje sama da 10,000, wasu ƙananan na Jinhan da Byeonhan kuwa gidajensu ba su wuce 600 zuwa 700 ba. Kowane gari da shugabansa: na babban gari ana ce masa sinji, na ƙarami eupcha. Akwai wani mai sarautar Jin da ke zaune a garin Mokji ana ba shi girma, sai dai ikonsa bai kai ya juya kowa yadda yake so ba. Abin da ya haɗa su ciniki ne, da al'ada, da tsoron abokin gaba.

Wurin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne yadda suka raba mulki da tsafi. Ban da shugaban gari, akwai mai jagorancin bauta da ake kira cheongun. Akwai kuma keɓaɓɓen wuri mai suna sodo, inda ake kafa dogon itace a rataya masa ƙararrawa da ganga. Duk mai laifin da ya gudu ya shiga sodo ya tsira, ba mai ikon shiga ya fito da shi. Ka ga ke nan akwai fegin da hannun mai mulki ba ya kaiwa. Manoma ne, suna biki sau biyu a shekara, a wata na 5 bayan shuka da wata na 10 bayan girbi, a kwana ana waƙa da rawa da shaye-shaye.

Arzikin Byeonhan ƙarfe ne. Daga nan ake kai shi Japan ta wancan zamani da yankunan da Sinawa ke mulka a arewa, irin su Lelang da Daifang, har ma da shi ake saye da sayarwa a kasuwa a madadin kuɗi.

Ba wata runduna daga waje ce ta kawo ƙarshen Samhan ba, daga cikin gida abin ya taso. Baekje, ɗaya daga garuruwan Mahan a yankin da Seoul take yau, ta yi ƙarfi ta riƙa haɗiye 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya. Saro, inda birnin Gyeongju yake yanzu, ta yi wa Jinhan haka, ta zama masarautar Silla. Byeonhan ce kaɗai ba ta dunƙule ba. Ta rikiɗe ta zama ƙawancen Gaya, ta ci gaba da zama a rarrabe har Silla ta karɓi Geumgwan Gaya a 532, ta murƙushe Daegaya a 562.

Goguryeo, babbar masarautar arewa, ba daga Samhan ta fito ba, tushenta na can wajen tsohuwar masarautar Buyeo da ke yankin Manchuria. Duk da haka, bayan faɗuwar Baekje a 660 da Goguryeo a 668, sai aka riƙa cewa Silla ta "haɗa Samhan", ana nufin masarautun uku duka, wato Silla, Baekje da Goguryeo. A nan ne ma'anar ta faɗaɗa ta koma sunan dukkan ƙasar. A ganina siyasa ce ta yi wannan aikin, domin wanda ya ci yaƙi yana bukatar sunan da zai nuna cewa dama can jini ɗaya ne. Da wannan faffaɗar ma'ana Sarki Gojong ya yi amfani a 1897 ya raɗa wa ƙasar suna Daehan Jeguk. Gwamnatin gudun hijira da aka kafa a Shanghai a 1919 ta ɗauki Daehan Minguk, jamhuriyar Koriya ta Kudu da aka kafa a 1948 kuma ta gaje shi. Koriya ta Arewa ba ta bi wannan layi ba, Joseon take kiran kanta har yau.