Waiwaye: sabulun da ƙwayoyin kindirmo ke fitarwa

Duk wanda ya taɓa jinyar mara lafiya da aka sa wa robar fitsari ya san fargabar da ke biyo baya. Kwana kaɗan sai wani yauƙi ya lulluɓe cikin robar, ƙwayoyin cuta su yi sansani a ciki, a yi ta ba da magani kamar ana zuba ruwa a kwando. Wannan yauƙin ne ya sa masana suka juya ga wani sinadari mai aiki irin na sabulu, wanda ƙwayoyin bakteriya ke fitarwa da kansu.

Labarin ya daɗe. A 1949 aka fara bayyana irinsa a jikin ƙwayar Pseudomonas aeruginosa, amma ita kanta mai jawo cuta ce, don haka ba wanda zai so ta kusa da majinyaci. A 1968 Arima da abokan aikinsa a Japan suka gano wani irin wannan sinadari mai suna safaktin daga Bacillus subtilis, ƙwayar da ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa a gidajenmu. Ƙarfinsa ba magana, sai dai idan ya yi yawa yana fasa jajayen ƙwayoyin jini.

Inda abin ya ɗauki sabon salo shi ne 1996, a Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan. Velraeds da Busscher, tare da Gregor Reid na Kanada, sun shafa sinadarin da Lactobacillus ke fitarwa, dangin ƙwayar da ke tsamar da nono, a kan gilashi, suka ga ƙwayar Enterococcus faecalis mai jawo ciwon mafitsara ta kasa kamawa yadda ta saba. Ba kashe ta aka yi ba, wurin zama aka hana ta. A ganina nan ne darajar binciken take, a zamanin da magungunan kashe ƙwayoyin cuta ke ta rasa kaifi. Daga baya aka gwada na Streptococcus thermophilus, ƙwayar yogot, a kan robar murya da ake sa wa waɗanda sankara ta sa aka cire musu akwatin murya, ya rage maƙalewar funfunar Candida.

Cikas ɗin shi ne ƙwayoyin nono ba sa fitar da shi da yawa, tacewa kuma tana cin kuɗi. Shi ya sa yawancin aikin har yau yana ɗakin gwaji, ana neman ciyar da ƙwayoyin da abu mai araha, irin ruwan da ke saura bayan an yi cuku.