Mece ce "fulawa"? Bambancin tsiron tukunya da bishiyar fure

In ka aiki yaro a Zariya ya sayo maka fulawa, to ka ƙara masa bayani, in ba haka ba sai ka gan shi da mudun garin da ake fanke da burodi. A Turanci kalmomi biyu ne daban, "flour" da "flower", kunnenmu ne ya ji su ɗaya ya haɗe su. Ba ta fanke nake magana ba. Ina nufin wadda masu lambu ke jerawa a bakin titi cikin baƙar leda ko ledar fiya wata, a hanyar Samaru da wajajen GRA.

Mutane da yawa na ɗauka fulawa da fure abu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Fure kalmarmu ce tun kaka da kakanni, shi ne abin da tsiro ke buɗewa kafin ya yi ɗa. Mangwaro na fure, kuɓewa na fure, amma ba wanda zai shiga gonar kuɓewa ya ce ya ga fulawa. A bakin mutanenmu yau, fulawa ita ce duk shukar da aka saya aka ajiye don ado kawai, ko tana fure ko ba ta yi. Kalmar tana gaya maka aikin da shukar ke yi a gida ne, ba ta gaya maka irinta ba. Shi ya sa rimi, duk da kirarinsa na adon gari, duk da unguwannin da suka ci sunansa a cikin birni irin su Rimin Doko da Rimin Tsiwa, ba a taɓa kiransa fulawa ba. Ba a leda aka sayo shi ba.

Wannan jimlar da kalmar ke yi wa komai ita ta ja wa Goggona asara. Rana ɗaya ta sayo leda biyu. Ɗaya mai faffaɗan ganye kore da ɗigo-ɗigon fari a tsakiya, ɗayar kuma mai ƙananan ganye reras kamar na ɗorawa. Ta tambayi mai sayarwa yadda ake kula da su, ya ce, "Hajiya, ai duk fulawa ce, ki dai riƙa ba su ruwa." Sai ta aje mai faffaɗan ganyen a tsakar gida inda rana ke duka tun hantsi, wai don baƙi su gani, mai ƙananan ganyen kuma ta kai ta falo kusa da talabijin. Kafin wata ya zagayo, ta tsakar gida ta yi tabo-tabo kamar an ɗiga mata ruwan zafi, ta falo kuwa ta zube ganye ta bar tsinke. Da na je gaishe ta, ta ce, "Kai ɗan nan, zo ka ga abin da aka sayar mini." Na ce, "Goggo, lafiyarsu ƙalau, ɗaki kawai kika musanya musu."

Mai faffaɗan ganyen ita masana tsirrai ke kira Dieffenbachia. Asalinta dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, inda take tsirowa a ƙarƙashin manyan itatuwa, hasken rana ba ya isa gare ta sai wanda ya tsiyayo ta tsakanin rassa. Faɗin ganyenta dabara ce ta tara ɗan hasken nan. Falonmu, da labule da komai, ya yi kama da gindin dajin da ta baro, shi ya sa take zama a ciki lafiya lau, rana tsaka kuma ta ƙona ta. Tana iya yin fure, amma a cikin ɗaki da wuya ka gani, in ma ya fito wani ɗan kore ne a naɗe wanda ba zai ɗauki idonka ba. Adonta a ganye yake, kuma yana nan rani da damina.

Abin da ke wahalar da ita a nan Zariya hunturu ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska ta bushe, gefen ganyen ya soye, ƙura ta lulluɓe shi. Tsumma mai laima ake sawa a goge. Ruwa kuwa, yawansa ya fi ƙarancinsa kisa: tukunyar da ba a huda gindinta ba, saiwa ruɓewa take yi. A taɓa ƙasar da yatsa, in ta bushe a ba ta, in da laima a ƙyale ta. Sai wani abu da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: ruwan jikinta na ɗauke da wasu ƙananan tsinkaye masu kamar allura. Yaro ya tauna ganyen, baki da harshe su yi zafi su kumbura, har magana ta gagara na ɗan lokaci. A ɗora ta inda mai rarrafe ba zai kai ba, in kuma tsautsayi ya gifta, a kurkure bakin a nufi asibiti.

(Wanda ba ya son wahala ya nemi moda, ba moɗar shan ruwa ba, tsiron nan mai tsayayyen ganye kamar takobi. Tamu ce ta nan Afirka ta Yamma, da zarenta magabata ke murza tsirkiyar baka. Yau an zuba ta a tukunya mai fenti, ita ma ta zama fulawa.)

Mai ƙananan ganyen fa? Ita ba 'yar ɗaki ba ce ko kaɗan, bishiya ce sukutum, jaririya kawai aka sayar wa Goggo. Sunanta a littafi Delonix regia, wasu na ce mata filamboyan, asalinta tsibirin Madagaska. Ba banza ta yi kama da ɗorawa ba, dangi ɗaya suke da ita da tsamiya. Duk wanda ya yi zama a Samaru ya san ta ko bai san sunanta ba. Da rani takan zubar da ganye ta tsaya tsirara, dogayen kwansunanta masu kai kamu guda suna reto, yara na tsinka suna kaɗawa kamar caki. Can bazara ta yi nisa, wajen Afrilu zuwa Mayu, lokacin da kowa ke duban gabas, sai ta ɗauki ja gaba ɗaya kamar an cinna mata wuta. Bayan 'yan makonni furen ya zube, ƙasa ta yi ja, mai shara ya sha aiki, sai kuma baɗi.

Ita rana take so tun fitowarta har faɗuwa, kuma in ta kama ƙasa, ruwan daminar Zariya, wanda ke kai wajen milimita 1,000 a shekara, ya ishe ta. Ba ta cika wuce mita 12 a tsawo ba, amma tana baje rassa kamar laima, faɗinta har ya fi tsawonta. Matsalarta a ƙasa take. Saiwoyinta ba sa nutsewa sosai, a sama-sama suke yaɗuwa, su ɗaga daɓen siminti, su tsaga katanga, su leƙa sokawe. Ni a ganina ba bishiyar tsakar gidan birni ba ce, inda ɗaki ke jingine da ɗaki. Ta makaranta ce, ta filin masallaci, ta bakin hanya mai faɗi.

Saboda haka in mai lambu ya ce maka "fulawa ce," bai yi maka ƙarya ba, amma bai gaya maka komai ba. Ka tambaye shi: ta ganye ce ko ta fure? Inuwa take so ko rana? In ta girma, ina za ta tsaya? Wanda ya san sana'arsa zai amsa nan take.

Ta Goggo mai faffaɗan ganye ta koma falo, an ɗora ta a kan kabad saboda jikoki, ta yi sabon toho. Bishiyar kuma mun dasa ta a fili can gaban gida, nesa da katanga, muka kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Irinta takan ɗauki shekaru kafin ta soma fure. Yanzu ta wuce tsawon mutum, kuma duk bazara in na je, kafin mu gama gaisawa Goggo za ta nuna ta da baki ta ce, "To, har yau dai ban ga jan da ka ce ba."