Cibiyar Binciken Kwamfuta da Ƙirƙirarriyar Basira ta MIT

Cibiyar Binciken Kwamfuta da Ƙirƙirarriyar Basira, wadda aka fi sani da CSAIL, sashen bincike ne a jami'ar fasaha ta MIT da ke birnin Kambirij na jihar Massachusetts a Amurka. An kafa ta a shekarar 2003 bayan an haɗe tsofaffin ɗakunan bincike guda biyu, na kimiyyar kwamfuta da na ƙirƙirarriyar basira. Mazauninta na cikin ginin Stata, wanda Frank Gehry ya zana aka buɗe a 2004. Farfesa Daniela Rus ta zama shugabarta a 2012.

Asali

Tushen cibiyar ya girmi sunanta da shekara arba'in. A 1963 hukumar bincike ta ma'aikatar tsaron Amurka, wato ARPA, ta ba MIT kuɗi aka fara wani shiri mai suna Project MAC a ƙarƙashin Robert Fano. Kafin nan, tun 1959, John McCarthy da Marvin Minsky sun riga sun tara masu nazarin yadda na'ura za ta iya yin tunani. Ƙungiyar tasu ta zauna cikin shirin na ɗan lokaci, sannan ta ware a 1970 ta zama ɗakin ƙirƙirarriyar basira, shirin kuma daga baya ya zama ɗakin kimiyyar kwamfuta.

Raba lokacin kwamfuta

A wancan zamani kwamfuta ɗaya kan cika ɗaki. Mai bincike zai huda umarninsa a jikin katuna, ya miƙa wa ma'aikacin da ke kula da na'urar, ya tafi ya jira sa'o'i. Idan ya yi kuskuren harafi ɗaya, sai ya sake bin layi. Fernando Corbató da abokan aikinsa suka fito da tsarin CTSS, wanda aka fara gwadawa a 1961: na'urar tana zagayawa kan mutane da yawa cikin sauri, kowa ta ba shi ɗan ƙanƙanin lokaci, har kowa ya ɗauka shi kaɗai take yi wa aiki. Da yake fayilolin mutane da yawa sun haɗu wuri guda, sai aka buƙaci hanyar hana wani leƙa kayan wani. Nan aka sa wa kowa kalmar sirri, kuma galibi ana danganta farkon wannan al'ada da CTSS.

Daga nan aka shiga wani aiki mai babban buri, Multics, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, tare da kamfanonin General Electric da Bell Labs. Aikin ya yi nauyi, ya ci lokaci, har Bell Labs ta janye a 1969. Multics bai taɓa samun kasuwa sosai ba, kuma an kashe na'ura ta ƙarshe mai amfani da shi a 2000. Sai dai Ken Thompson da Dennis Ritchie, waɗanda suka yi aiki a kansa, sun koma Bell Labs da darussansa suka gina tasu manhajar tafiyar da kwamfuta mai suna Unix, wanda daga salonsa Linux ya fito, Linux kuwa shi ne ƙashin bayan wayoyin Android. Wanda zai auna tasirin cibiyar da yawan takardun da ta wallafa kawai, to wannan ba zai shiga lissafinsa ba.

Ɓoye saƙo

A 1977 Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman suka ƙirƙiro a MIT hanyar ɓoye saƙo da ake kira RSA, daga haruffan farko na sunayensu na ƙarshe. Dabarar ta dogara ne kan lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Ninka 53 da 61 abu ne mai sauƙi, ana samun 3233. Amma a ba mutum 3233 a ce ya nemo lambobin biyu da suka haife ta, sai ya yi ta gwaji. Idan lambar ta kai ɗaruruwan alƙaluma, ko manyan kwamfutoci ba sa iya warware ta cikin lokacin da zai yi amfani. Da haka mutum zai iya bayyana wa duniya makullin rufewa, ya riƙe na buɗewa. An daɗe ana amfani da hanyar wajen tsare hulɗar banki da saye ta intanet. Daga baya ta bayyana cewa wani masanin lissafi na hukumar leƙen asirin Birtaniya, Clifford Cocks, ya gano irin wannan dabara tun 1973, amma aka rufe maganar har 1997.

Sauran ayyuka da lambobin yabo

Harshen shirya manhaja na Lisp a MIT McCarthy ya fito da shi a 1958. Richard Stallman yana ɗakin ƙirƙirarriyar basira lokacin da ya sanar da shirin GNU a 1983, wanda ya zama ginshiƙin fafutukar manhaja mai 'yanci. A 1994 Tim Berners-Lee ya kafa ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet a ɗakin kimiyyar kwamfuta. Lambar Turing, mafi girma a fannin, ta sha zuwa gidan: Minsky a 1969, Corbató a 1990, su Rivest a 2002, Barbara Liskov a 2008, Shafi Goldwasser da Silvio Micali a 2012, sai Berners-Lee a 2016.

Ba kowane tasiri ne aka yi na'am da shi ba. Littafin da Minsky da Seymour Papert suka fitar a 1969 ya nuna iyakar ƙananan na'urori masu kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma masana da dama na ganin ya taimaka wajen sanyaya gwiwar masu ba da kuɗin wannan bincike shekaru masu yawa. Yau kuwa wannan hanyar ce ke jan ragamar fannin.

Kamfanoni

Malamai da ɗaliban cibiyar sun kafa kamfanoni da dama. Rodney Brooks da Colin Angle da Helen Greiner sun kafa iRobot a 1990, wanda ya fitar da mutum-mutumi mai share ɗaki na Roomba a 2002. Marc Raibert ya kafa Boston Dynamics, kamfanin ƙera mutum-mutumi, a 1992. Tom Leighton da ɗalibinsa Danny Lewin suka kafa Akamai a 1998, bisa lissafin da suka yi na yadda za a rarraba kwafin shafukan intanet a na'urori da ke kusa da masu karatu, domin kada shafi ya tsaya cak idan jama'a suka yi masa yawa.