Waiwaye: Daga Bakin Ƙofar Zauren Accra Zuwa Teburin Sulhu

A watan Yulin 2003, wasu matan Laberiya sanye da fararen kaya suka zauna dirshan a ƙofar zauren da madugan yaƙin ƙasarsu ke tattaunawa a birnin Accra. Suka sarƙe hannuwa, suka ce ba mai fita sai an cimma matsaya. An yi makonni ana jan ƙafa a otal, ana ci ana sha, alhali Monrobiya na ci da wuta. Da jami'an tsaro suka zo kama jagorarsu, Leymah Gbowee, sai ta yi barazanar tuɓe kayanta a gabansu, abin da ake ɗauka la'ana a can. Suka ja da baya. Shekarunta 31 a lokacin, kuma mai shiga tsakani a cikin zauren shi ne Janar Abdulsalami Abubakar. Ranar 18 ga Agusta aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya.

Abin lura shi ne a waje matan suke zaune. Ga shi kuwa tun ranar 31 ga Oktoban 2000, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, a watan da Namibiya ke shugabantarsa, ya amince da ƙuduri mai lamba 1325, wanda ya ce a dama da mata a rigakafin rikici da sasantawa da sake gina ƙasa. A takarda ƙofa ta buɗe. A aikace kuwa, wani bincike ya nuna daga 1992 zuwa 2019 mata ba su wuce kashi 13 cikin ɗari na masu tattaunawa a manyan shirye-shiryen sulhu ba, masu shiga tsakani kuma kashi 6 kacal.

Ta ɓangaren masu kaki ne aka fi ganin motsi. A 1993, mace ɗaya ce cikin kowane ɗari na dakarun kiyaye zaman lafiya. A 2007 Indiya ta tura rundunar 'yan sanda mata zalla zuwa Laberiya, karo na farko a tarihin Majalisar. 'Yan matan Monrobiya suka riƙa ganin mata da bindiga suna gadin ofishin shugabar ƙasa, kuma masu neman shiga aikin ɗan sanda a cikinsu suka ƙaru. Gani ya kori ji. Sai 2014 aka samu mace ta farko da ta jagoranci rundunar Majalisar, Manjo Janar Kristin Lund ta Norwe, a tsibirin Saifurus. A 2016, da aka ƙirƙiro lambar yabo ga sojan da ya fi kare muradun mata a fagen aiki, Manjo Aichatou Ousmane Issaka ta Nijar ce ta fara ɗauka, saboda aikinta a Gao ta ƙasar Mali, inda take bin sintiri don mata su samu wadda za su buɗe wa cikinsu. Duk wanda ya san yankinmu ya san akwai maganar da matar aure ba za ta taɓa faɗa wa baƙon namiji ba, balle mai bindiga.

Batun matasa ya zo a makare. Sai a Disambar 2015, da ƙoƙarin Jodan, aka samu ƙuduri na 2250 na Kwamitin Sulhu kan rawar da za a ba matasa a harkar zaman lafiya, wato 'yan shekara 18 zuwa 29. Nan ne budurwa mai sha'awar wannan fanni ke faɗawa tsaka mai wuya: a taron mata a ce yarinya ce, a taron matasa kuma samari sun cika kujerun gaba.

A ganina, babban shingen yana can ƙasan tsani, inda ba a cika kallo ba. Aikin neman ƙwarewa a sakatariyar Majalisar ba a biyan ko sisi, ga shi a New York ko Janiba ake yin mafi yawansa. Wace yarinya daga Diffa ko Maiduguri za ta iya biyan hayar wata shida a Janiba daga aljihun mahaifinta? Shirin Majalisar na ɗaukar ƙananan jami'ai ma ƙasashe masu hannu da shuni ne ke ɗaukar nauyinsa, kuma galibi 'ya'yansu suke turawa. Wadda ta taso da ƙarar bindiga a kunne, ta san yaren mutanen, sau da yawa a matsayin tafinta ko baƙuwar taro ake kiranta, ta yi jawabin minti biyar, a tafa, ta koma gida.

A soja kuma matsalar ta shekaru ce, domin ba a zama kanar a dare ɗaya. Makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna sai a 2011 ta fara ɗaukar mata a kwas ɗinta na dindindin, ke nan ayarin farko yanzu yake tsakiyar hawa. Majalisar ta sa wa kanta wa'adin 2028: mata su kai kashi 15 cikin ɗari na bataliyoyi, kashi 25 na sojoji masu sa ido da hafsoshin hedikwata. Sai dai Majalisar ba ta da soja ko ɗaya nata. Jerin sunayen waɗanda za su tafi daga barikokin Abuja da Yamai da Accra da Dhaka yake fitowa.