Wahalar gudu ba ta sa kwikwiyo ƙarfi

Jama'a, maganar nan wai sai ka gajiyar da kwikwiyo da gudu kafin ya zama karen farauta, wallahi kuskure ce. Jiya a Tudun Wada nan Gombe naga yaro ya ɗaure kwikwiyo ɗan wata 4 a bayan keke, harshe waje yana ɗingishi, abin ya tsaya min a rai. Ƙashin kwikwiyo bai yi ƙwari ba, bakin gaɓoɓin guringuntsi ne, sai wajen shekara 1 yake haɗewa, manya irin karnukan 'yan sanda kuwa har wata 18. Barshi yayi wasansa a tsakar gida, in ya kwanta ƙyale shi, yawo kaɗan da sassafe ko bayan la'asar, don kwalta da rana tana ƙona musu tafin ƙafa.