Mene ne HACCP, kuma me ya sa dokokin tsaftar abinci suka dogara da shi?

Duk wanda ya karanta ƙa'idojin tsaftar abinci, ko ya nemi izinin shigar da kayan abinci wata ƙasa, sai ya ci karo da waɗannan haruffa biyar: HACCP, waɗanda ma'aikatan masana'antu ke furtawa "hasap". Taƙaitaccen sunan Turanci ne (Hazard Analysis and Critical Control Points) na wani tsarin aiki mai ɓangare biyu: a zauna a binciko duk wani haɗari da zai iya samun abinci tun daga ɗanyensa har ya kai bakin mai ci, sannan a gano muhimman gaɓoɓin da za a iya tare haɗarin, a tsare su ba sassauci.

Asalinsa daga shirin tura mutane sararin samaniya ne. A shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka ta buƙaci abincin da ba zai taɓa sa ɗan sama jannati ciwon ciki ba, domin a cikin kumbo babu asibiti. Kamfanin Pillsbury, inda Howard Bauman ya jagoranci aikin, ya haɗa kai da NASA da ɗakin binciken sojojin Amurka da ke Natick. Nan da nan suka ga cewa tsohuwar hanya, wato a gama haɗa abinci sannan a ɗebi samfur a kai ɗakin gwaji, ba za ta biya buƙata ba. Gwajin abinci kamar gwajin ashana ne: wadda ka ƙyasta ta ƙare, sauran na cikin kwali kuma ba ka da tabbas a kansu.

Lissafin ma ya nuna haka. A ce ƙunshi ɗaya cikin kowane 1,000 ya gurɓace, mai gwaji kuma ya ɗebi 100 ba tare da zaɓe ba. Kusan sau tara cikin goma sakamakon zai fito lafiya lau, alhali gurɓataccen yana nan, zai kuma faɗa hannun wani. Saboda haka suka mayar da hankali kan yadda ake yin abincin, mataki bayan mataki. An gabatar da tsarin a bainar jama'a a shekarar 1971.

Haɗarin da ake magana iri uku ne. Akwai na ƙwayoyin cuta irin su salmonela da listeriya. Akwai na sinadarai, kamar ragowar maganin ƙwari, ko sabulun wanke injin, ko gubar da funfuna ke haifarwa a hatsi. Sai kuma baƙin abu da ya faɗa ciki, gutsuren kwalba ko ƙarfe ko dutse. A yau ana ƙara abubuwan da ke tayar wa wasu mutane da alaji, wato waɗanda jikinsu ba ya jituwa da su, kuma a nan ne tsarin ya haɗu da dokar rubutun jikin kaya. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1169/2011 ta lissafa irin waɗannan abubuwa 14 da dole a bayyana, cikinsu har da gyaɗa, madara, ƙwai da kifi. Idan aka manna takardar wani kaya a jikin wani, abincin na iya zama tsaf ta kowace fuska amma ya kashe wanda jikinsa ba ya jituwa da abin da ba a rubuta ba.

Zuciyar tsarin ita ce muhimmiyar gaɓa: matakin da idan haɗari ya wuce shi, babu wani mataki a gaba da zai kama shi. Kowace irin wannan gaɓa tana da iyakar da ake aunawa da lamba. Dafa madara don kashe ƙwayoyin cuta, digiri 72 na ma'aunin Salsiyos ne na daƙiƙa 15. Abincin gwangwani marar tsami yana buƙatar zafin da ya kai kwatankwacin digiri 121 na minti uku, domin ƙwayar da ke haddasa gubar botulizim ba ta mutuwa da tafasa ta yau da kullum. Na'urar gano ƙarfe a ƙarshen layi ita ma gaɓa ce. "A dafa sosai" ba iyaka ba ce, tunda abin da wani ya kira sosai wani zai ce da saura. Dole a san wa zai auna, da me, sau nawa, da abin da za a yi da abincin idan awon ya gaza. Ƙa'idojin tsarin gaba ɗaya bakwai ne, sauransu kuma sun shafi tabbatar da cewa tsarin yana aiki da ajiye bayanai a rubuce.

Tazarar 'yan digiri kaɗan ba wasa ba ce. A farkon 1993 mutane fiye da 700 suka kamu da cutar E. coli O157:H7 a yammacin Amurka bayan cin niƙaƙƙen naman da bai dahu ba a gidajen abinci na Jack in the Box, yara huɗu suka rasu. Jihar Washinton ta riga ta ɗaga iyakar zafin dafa irin wannan nama zuwa digiri 68, amma gidajen abincin suna bin tsohuwar iyaka ta digiri 60. Bayan wannan masifa ne ma'aikatar gona ta Amurka ta wajabta HACCP a mayankan dabbobi da na kaji a 1996.

A matakin duniya, kwamitin Codex Alimentarius mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa a 1963, ya amince da jagororin tsarin a 1993. Daga nan ƙasashe da dama suka shigar da shi dokokinsu, Tarayyar Turai kuma ta yi haka a dokarta mai lamba 852/2004.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake mayar da tsarin tulin takardu. Ana iya ɗauko ƙwararre ya rubuta kundi mai kauri, a ajiye shi don ranar da mai duba zai zo, alhali ma'aikacin da ke tsaye gaban tukunya bai san dalilin lambar da ake sa shi rubutawa ba. Wasu kuma sai su ɗauki kowane mataki a matsayin muhimmiyar gaɓa, har hankalin ma'aikata ya rabu, a rasa wadda za a tsare da gaske. Ga kuma wanda ke son gina tsarin a wurin da babu ruwa mai tsafta, babu wurin wanke hannu, ɓeraye na yawo a ɗakin ajiya. Waɗannan abubuwan tushe ne da dole su fara tsayawa, kuma ƙaramin mai sana'a da ya kiyaye su, ya riƙe ma'aunin zafi ɗaya da gaskiya, ya fi babbar masana'antar da ke cike fom a ofis. Lamarin bai kamata a raina shi ba: ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya ce mutane miliyan 600 ke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 na mutuwa, 125,000 daga cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Shi ya sa gyaran da Codex ya yi wa ƙa'idojin tsafta a 2020 ya ɗora wa shugabannin kamfani nauyin gina ɗabi'ar kiyaye lafiyar abinci a tsakanin ma'aikata. Gogaggen mai duba ya san inda zai leƙa. Idan littafin awo ya nuna lamba ɗaya tak wata da watanni, da rubutun hannu iri ɗaya, babu ranar da aka sami matsala ko aka zubar da komai, to da wuya ana awon. Zai kuma tambayi ƙaramin ma'aikaci ko yana da ikon tsayar da layi idan zafi ya yi ƙasa, da abin da ya same shi ranar da ya tsayar.